Daga Ina Ƙungiyoyin Ƙwallon Amurka Suka Samo Sunayensu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan na fara kallon ƙwallon Amurka, wanda ake runguma a ruga da shi ana sanye da hular kwano. Sai na ga sunayen ƙungiyoyinsu ba irin waɗanda muka saba ji a gasannin Turai ba ne: Bears, Packers, 49ers, Saints, Browns. Wa yake raɗa su? Suna da tushe, ko don daɗin ji kawai aka zaɓe su? Kuma me ya sa ƙungiyar Washinton ta canza nata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna da tushe ƙwarai. Amma kafin mu shiga sunayen, akwai abu ɗaya da in ka riƙe shi sauran za su zo maka da sauƙi. A gasar NFL, wadda take da ƙungiyoyi 32, ƙungiya dukiyar mutum ce. Attajiri ne yake zuba kuɗi a ba shi izinin kafa ta a wani gari. Ba a faɗawa ƙaramar gasa, ba a haurowa daga can, kuma in ya hango riba a wani garin yana iya kwashe kayansa ya koma, muddin sauran masu ƙungiyoyi sun amince. Shi ya sa sunan yake zuwa kashi biyu: sunan gari a gaba, laƙabi a baya. Na gaban yana iya canzawa gobe. Na bayan shi ne tambarin kasuwanci da ake bugawa a riga da hula ana sayarwa. Saboda haka duk sunan da ka ji, ka nemi sanin wanda ya biya kuɗin da kuma mutanen da yake son jawowa filin wasa.

An kafa gasar a 1920 a garin Canton na jihar Ohio, a wani taro da aka yi cikin shagon sayar da motoci, sai a 1922 ta ɗauki sunan da take amsawa yau. A wancan zamani ƙwallon jami'o'i ne mai daraja. Wanda yake buga wasa don a biya shi, kallon ɗan ga-ruwa ake masa, kuma yawancin ƙungiyoyin na ma'aikatan masana'antu ne a ƙananan garuruwa. Mafi kyawun shaida a kan haka ita ce Green Bay Packers. A 1919 wani saurayi, Curly Lambeau, yana aikin akawu a wani kamfanin sarrafa nama da cusa shi a gwangwani mai suna Indian Packing Company. Ya je wurin iyayen gidansa ya nemi taimako, suka ba shi dala 500 ta sayen riguna da kayan wasa, suka kuma ara masa filin kamfani don atisaye. Ladan da suka samu shi ne ƙungiyar ta amsa sunan sana'arsu, wato masu cusa nama a gwangwani. Wanda ya tuna BCC Lions ta Gboko, da kamfanin siminti ya riƙe ta, ya san irin wannan alaƙa. Kamfanin naman bai jima ba wani ya saye shi, shi ma wanda ya saya ya shuɗe, amma sunan ya haura shekara ɗari yana nan.

Dalilin da ya sa ya zauna daram yana da muhimmanci. Tun 1923 mutanen garin suka fara sayen hannun jari don ceto ƙungiyar daga talauci, kuma har yau ita kaɗai ce a gasar da ba ta da maigida guda. Masu hannun jarinta sun haura 500,000, ba sa karɓar ko sisin kwabo na riba, takardar shaida kawai suke ratayewa a bango. Garin Green Bay bai wuce mutum 107,000 da 'yan kai ba, filin wasansu kuwa yana ɗaukar wajen 81,000. Da attajiri ɗaya ne mai ita, da tuni ta koma babban birni, wataƙila da wani sunan.

Chicago Bears ma daga masana'anta ta fito. Asalinta Decatur Staleys, ƙungiyar kamfanin sitaci na A. E. Staley a garin Decatur. A 1921 mai kamfanin ya sallama ta ga George Halas, ya ba shi dala 5,000 bisa sharaɗin ya ci gaba da amfani da sunan Staleys na shekara guda bayan ya koma Shikago. Wa'adin na cika, Halas ya duba filin da yake haya, na ƙungiyar besbol ce, wasan da ake dukan ƙaramin ƙwallo da sanda, mai suna Cubs, wato 'ya'yan beyar, wani ƙaton naman daji mai yawan gashi. Sai ya ce tunda 'yan wasansa sun fi 'yan besbol girman jiki, to su ne manyan beyar ɗin. Haka Bears ta samu suna a 1922.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, wadda mutane da yawa yau ba su lura da ita ba: raɓuwa da besbol. A shekarun 1920 da 1930 besbol ne sarkin wasanni a Amurka, ƙwallon NFL kuwa ɗan haya ne a filayensa. Dabarar mai sabuwar ƙungiya ita ce ya ari sunan ƙungiyar besbol ta garin, ko ya nemo mai kama da shi, ko Allah zai sa magoya bayanta su leƙo idan kakarsu ta ƙare. Tim Mara ya biya dala 500 a 1925 ya kafa New York Giants, wato ƙattai, ya kwafi sunan ƙungiyar besbol ba tare da ya canza ko harafi ba. Masu asalin sunan sun bar New York zuwa San Francisco bayan kakar 1957, mai aro ya zama mai kaya. Da aka sayi Portsmouth Spartans aka kai ta Detroit a 1934, garin yana da Tigers a besbol, sai aka ce to ga Lions, zakuna kusa da damisa. Art Rooney ma da ya biya dala 2,500 a 1933, Pittsburgh Pirates ya kira ƙungiyarsa, sunan 'yan besbol na garin.

Rooney ya yi shekara bakwai ba nasarar kirki da sunan aro, sai a 1940 aka buɗe gasar zaɓen sabon suna, aka tsaya a kan Steelers, ma'aikatan ƙarfe. A ganina babu sunan da ya dace da garinsa kamar wannan. Pittsburgh a lokacin ita ce cibiyar narkar da ƙarfe ta Amurka, kuma waɗanda suke cika filin ranar Lahadi su ne waɗanda suke tsaye gaban wutar narka ƙarfe sauran kwanakin mako. Idan ka sake kallonsu, ka dubi hular kwanonsu da kyau. Tambarin yana gefen dama kaɗai, hagu babu komai, kuma taurarin nan uku, rawaya da ja da shuɗi, ba ƙungiyar ce ta ƙirƙire su ba. Alamar masana'antun ƙarfe na Amurka ce aka ɗora a hular a 1962. Yawancin masana'antun sun rufe a shekarun 1980, iyalai suka watsu neman abinci a wasu jihohi, suka tafi da son ƙungiyar. Wannan yana cikin dalilan da za ka ga magoya bayan Steelers a kowane fili suka je baƙunta.

San Francisco 49ers, wadda aka kafa a 1946, irin wannan ce, sai dai ita tarihi ta waiwaya. An gano zinare a Kalifoniya a watan Janairun 1848, labari ya bazu, a 1849 dubban mutane suka yi tururuwa daga ko'ina cikin duniya, har aka riƙa kiransu da lambar shekarar, 'yan arba'in da tara. Su suka mayar da San Francisco daga ƙaramin ƙauyen bakin teku zuwa birni. Ruwan zinaren da ke hular ƙungiyar daga nan yake. Houston Oilers ta 1960 ta ɗauki sunan masu aikin man fetur, sana'ar garin kuma sana'ar mai ita, Bud Adams. Dallas Cowboys, ita ma ta 1960, ta ɗauki makiyayan shanu na kan doki da aka san Teksas da su, bayan an yi tunanin Rangers aka fasa saboda wata ƙungiyar besbol a garin tana amsa shi. Minnesota Vikings ta 1961, mai sunan tsoffin maharan teku na arewacin Turai, ta tuna da cewa ɗimbin mutanen jihar jikokin baƙi ne daga Nowe da Suwidin, kuma an sa sunan jiha maimakon na gari don kada a ɓata wa ɗaya daga tagwayen biranen Minneapolis da St. Paul rai.

Akwai sunaye biyu da mutum zai ɗauka tsuntsaye ne kawai, alhali ba daga tsuntsu suka faro ba. Philadelphia Eagles an kafa ta a 1933, tsakiyar mummunan karyewar tattalin arziki. Shugaba Franklin Roosevelt ya fito da shirin farfaɗo da masana'antu, alamar shirin kuwa shuɗiyar mikiya ce da 'yan kasuwa suke mannawa a tagar shago don nuna sun shiga. Bert Bell da abokin kasuwancinsa suka ɗauki mikiyar. Kotun ƙoli ta soke shirin a 1935, mikiyar ƙwallo ta ci gaba da tashi. Ita kuwa Arizona Cardinals, wadda tushenta ya koma 1898 a Shikago, labarin da ƙungiyar take bayarwa shi ne mai ita, Chris O'Brien, ya sayo gwanjon riguna daga Jami'ar Shikago. Launinsu ja mai duhu ya riga ya koɗe, sai ya ce ai ba koɗewa ba ce, jan kadinal ne, wato irin jan rigar manyan limaman Katolika. Jan tsuntsun da ke hularsu yau daga baya ya shigo.

Cleveland Browns ita ce mai sunan mutum. Paul Brown ya riga ya yi suna a Ohio wajen horar da 'yan makarantar sakandare da na jami'a kafin a ɗauke shi kocin sabuwar ƙungiyar da ta fara wasa a 1946, kuma jama'a suka nemi a sa mata sunansa. Shi bai so ba da farko. An karkata ga Panthers, sai wani ya fito ya ce shi ne mai haƙƙin wannan sunan tun wata tsohuwar ƙungiya, aka dawo kan Browns. A 1963 sabon mai ƙungiyar, Art Modell, ya kori Paul Brown daga ƙungiyar da take amsa sunansa. Mutumin bai kwanta ba. Ya koma kudancin jihar ya kafa Cincinnati Bengals, wadda ta fara wasa a 1968, ya farfaɗo da sunan wata ƙungiya da ta taɓa wasa a garin a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma sa wa 'yan wasansa hula ruwan lemo irin ta gidan da aka kore shi.

Daga 1960 salon ya canza. Wata sabuwar gasa, AFL, ta taso tana gogayya da NFL har suka haɗe a 1970, talabijin ya shigo, aka fara neman suna gajere mai ƙarfi wanda zai zauna a kanun jarida. Hanyar da aka fi bi ita ce a buɗe wa jama'a gasa su aiko da shawara. Haka aka samu Denver Broncos, dokin da ba a horar ba, da Miami Dolphins da Atlanta Falcons a 1966, da Seattle Seahawks a 1976. A Oakland sunan da ya fara cin gasar Señors ne, kalmar Sifaniyanci ta girmama maza, aka yi ta yi masa dariya, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi Raiders, mahara. A New York mai sabuwar ƙungiya ya kira ta Titans don a tatsuniyar Girkawa sun fi Giants ƙarfi, kasuwa ta ƙi, sababbin masu ita suka mayar da ita Jets a 1963, ga filin da za su koma kusa da filin jirgin sama na LaGuardia, ga kuma sunan yana karin sauti da Mets ta besbol. Boston Patriots, wadda yau ake kira New England Patriots, ta tuna da 'yan kishin ƙasar da suka tayar wa Ingila a yankin, Buffalo Bills ta gaji sunan wata tsohuwar ƙungiya da aka raɗa wa sunan Buffalo Bill Cody, wani shahararren maharbi kuma mai wasan nishaɗi na zamanin da, Tampa Bay Buccaneers ta ɗauko 'yan fashin teku na almarar gaɓar Florida. Carolina Panthers da Jacksonville Jaguars na 1995 ba su da wani dogon labari, namun daji ne masu kyau a riga. Wanda ya fi daɗi a wannan rukuni shi ne New Orleans Saints, waliyyai. An ba birnin ƙungiya ranar 1 ga Nuwamba 1966, ranar da mabiya Katolika suke bikin dukkan waliyyai, a birnin da Katolika suka yi kaka-gida, wanda kuma aka san makaɗansa na jaz da waƙar nan "When the Saints Go Marching In". Abu uku suka haɗu a kalma ɗaya.

Inda za ka gane cewa suna kayan maigida ne shi ne ranar ƙaura. Rams, raguna, ta fara a Cleveland, an aro sunan daga ƙungiyar Jami'ar Fordham. Ta koma Los Angeles a 1946, St. Louis a 1995, ta dawo Los Angeles a 2016, raguna suna biye. Wani ɗan wasanta da ya karanci zane, Fred Gehrke, shi ya zana ƙaho da fenti a hulunan fata a 1948, kuma daga nan al'adar sa tambari a hula ta fara. Rago dai ba ruwansa da gari, ko'ina ya je rago ne. Amma dubi Colts, 'yan dukushi. An ba ta sunan a Baltimore saboda jihar Maryland ƙasar kiwon dawaki ce, a nan ake sukuwar Preakness. A ƙarshen watan Maris 1984, yayin da majalisar jihar take shirin ba birnin ikon ƙwace ƙungiyar, mai ita Robert Irsay ya kira manyan motocin ɗaukar kaya cikin dare, ana zubar ƙanƙara, aka loda komai. Gari ya waye ƙungiya tana hanyar Indianapolis, garin da aka sani da tseren motoci, ba na dawaki ba. Kayan 'yan badujalar ƙungiyar ne suka tsira, kuma makaɗan nan suka ci gaba da fita fareti da sunan Colts shekara 12 ba su da ƙungiya.

Abin da ya faru da Baltimore shi ya koya wa Cleveland hankali. Da Art Modell ya sanar a 1995 zai kai Browns Baltimore, birnin ya garzaya kotu, magoya baya suka tayar da ƙura, har aka yi sulhu: ya tafi da 'yan wasa da ma'aikata, amma suna da launi da tarihi su zauna a Cleveland. A 1999 aka sake tayar da Browns. Modell ya isa Baltimore ba suna, an nemi a sayo Colts daga Indianapolis ba a daidaita ba, sai jaridar garin ta buɗe zaɓe ta waya, mutum sama da 33,000 suka kira, Ravens ta yi rinjaye. Sunan baƙin hankaka ne, daga waƙar "The Raven" ta Edgar Allan Poe, marubucin da ya rasu a Baltimore a 1849 kuma kabarinsa yana can. Houston ba ta yi wannan sa'ar ba. Bud Adams ya kai Oilers Tennessee a 1997, ta yi kaka biyu tana amsa sunan man fetur a inda ba a san shi da shi ba, a 1999 ta zama Titans, amma ya riƙe haƙƙin tsohon sunan. Da Houston ta samu sabuwar ƙungiya a 2002 dole ta haƙura da Texans. Ni dai ina ganin hukuncin Cleveland shi ne adalci. Sunan da aka ciro daga gumin mutanen gari bai kamata ya shiga mota ya bi mutum ɗaya ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mai nauyi. Ƙungiyar Washinton ta fara a Boston a 1932 da sunan Braves, aron besbol kamar sauran, sunan da ke nufin jaruman 'yan asalin Amurka, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. A 1933 mai ita, George Preston Marshall, ya bar filin Braves ya koma filin Red Sox, wata ƙungiyar besbol ta garin, sai ya nemi sunan da zai raba shi da tsohon maigidan haya ba tare da ya zubar da hoton ɗan asalin ƙasar ba. Ya zaɓi Redskins, masu jar fata, ya tafi da shi Washinton a 1937. Kalma ce da ƙamusoshin Ingilishi suke bayyanawa a matsayin ta cin mutunci, kuma ana jifan mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka tura su keɓaɓɓun yankuna da ita. Yana da kyau ka san wane ne Marshall: shi ne na ƙarshe a gasar da ya yarda ya ɗauki baƙar fata, a 1962, shi ma sai da gwamnatin tarayya ta yi barazanar hana shi sabon filin da aka gina a ƙasarta.

'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna ƙorafi. Wakilansu sun zauna da shugabannin ƙungiyar tun 1972. A 1992 Suzan Shown Harjo da wasu suka shigar da ƙarar neman soke rajistar tambarin. A 2014, a wata ƙarar ta daban, hukumar rajista ta soke, sai wani hukuncin kotun ƙoli na 2017 ya rushe dokar da aka dogara da ita. Masu kare sunan suna kafa hujja da wani jin ra'ayi na jaridar Washington Post a 2016 da ya nuna tara cikin goma na waɗanda aka tambaya ba su damu ba, wani binciken jami'a na 2020 kuma ya samu kusan rabi suna jin zafinsa. Mai ƙungiyar na lokacin, Dan Snyder, ya ce a 2013 har abada ba zai canza ba. Abin da shekara kusan 50 na roƙo da shari'a bai yi ba, kuɗi ya yi shi cikin kwana 11. Bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa wani baƙar fata, George Floyd, a 2020 da zanga-zangar da ta biyo baya, kamfanin FedEx, wanda ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 205 don a sa sunansa a filin wasan, ya nemi a canza ranar 2 ga Yuli, Nike ta janye kayan ƙungiyar daga shafinta, ranar 13 ga Yuli aka sanar an ajiye sunan. Ta yi kaka biyu ana kiranta Washington Football Team, sai ranar 2 ga Fabrairu 2022 ta zama Commanders, kwamandoji, don birnin mazaunin manyan hafsoshin soja ne. Na goyi bayan canjin ba tare da wata tantama ba. Abin da ya dame ni shi ne ba a saurari masu abin ba sai da masu talla suka yi magana.

Idanu yanzu suna kan Kansas City Chiefs, ƙungiyar da Christian Okoye ɗan Enugu ya yi wa wasa har ya fi kowa cin tazara da gudu a 1989. Ita asalinta Dallas Texans ce ta Lamar Hunt, ta koma Kansas City a 1963, aka sa mata laƙabin magajin garin da ya jawo ta, H. Roe Bartle, wanda ake kira Chief. Ƙungiyar takan ce ai sunan mutum ne. Gaskiya ne, sai dai Bartle Bature ne, kuma laƙabin ya samo shi ne daga wata ƙungiyar 'yan sikawut da ya kafa wadda take kwaikwayon al'adun 'yan asalin ƙasar, sannan filin wasan sunansa Arrowhead, kan kibiya, kuma shi ne tambarin da ke hula. A 2020 sun hana 'yan kallo shiga da hular gashin tsuntsu da fentin fuska irin na ƙabilun, a 2021 suka daina fito da dokin da ake sukuwa da shi a fili. Sunan da gangar da ake bugawa kafin wasa da saran hannu da 'yan kallo suke yi suna nan, kuma ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar suna ci gaba da tsayawa da kwalaye a bakin filin ranar wasa.